Katin da Aka Rubuta da Hannun Hagu

Ka taɓa ganin fuskar mutumin da yake kawo muku jarida? Ka san sunansa? Kada ka yi saurin amsawa. A garinmu Harlingen an yi wa wani dattijo wulakanci, kuma har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci. Duk abin ya faru ne saboda unguwa guda ba ta san fuskarsa ba.

Akwai wata yarinya mai shekara goma sha biyar. Tana zaune da iyayenta a wani lungu kusa da tashar jiragen ruwa. Bango ɗaya ne ya raba gidansu da na wani tsoho, Meneer Hiemstra. A yaren garinmu Meneer kamar a ce Malam ne, Mevrouw kuma Malama. Ita dai Maƙwabci take ce masa, kamar yadda kowa yake yi a lungun.

Meneer Hiemstra tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne. Kuɗin fanshonsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Don haka yake raba jaridar safe a sabuwar unguwa, can ƙetaren gada. Ya yi shekaru yana wannan aiki. Yana fita mutane na barci, ya dawo kafin su ɗora shayi. Ba wanda ya san shi a can. Su dai sun san jarida tana zuwa.

Idan ya dawo, sau da yawa yakan ga yarinyar tana fitowa da gudu, ta makara makaranta.

"Gimbiyar barci!" zai ce. "Yau ma gado ne ya riƙe ki?"

"Maƙwabci, ba kowa ne mujiya irinka ba," ita kuma za ta ce.

Sai su yi dariya, kowa ya kama gabansa.

A farkon watan Disamba sanyi ya sauko. Gadar ta yi santsi. Keken tsohon ya zame, ya faɗi a kan hannunsa na dama, hannun ya karye. Tayar gaba ma ta lanƙwashe. A asibiti aka ɗora hannun, aka rataya masa shi a wuya.

Mahaifiyar yarinyar ta kai masa miya, ta dawo ranta a jagule.

"Idan bai sami wanda zai riƙe masa aikin ba, za su ba wani," ta ce. "Ba za su jira shi ya warke ba."

"Zan riƙe masa," in ji yarinyar.

Babanta ya ajiye cokali. "Ke? Ke da sai an ja bargo ake samun ki?"

"Zan iya mana!"

Kuma ta iya. Tsohon ya zaunar da ita, ya yi mata bayanin gidajen.

"Gidan da ke da jar ƙofa akwai jariri. Ki riƙe murfin ramin wasiƙa na jikin ƙofa, kada ya buga. Gidan Mevrouw Algra kuma kada ki tura jaridar ta faɗi ƙasa. Ki bar ta a maƙale. Bayanta ba ya sunkuyawa."

"Na ji, Maƙwabci."

"Kin ji, ko kina kallon waya?"

"Na ji duka biyun."

Aikin ya fi yadda ta zata wuya. Iskar teku tana turo keke baya. Ruwan sama yana shiga ta wuyan riga. Yatsunta sukan sandare har ta kasa jin birki. Da aka biya ta kuɗin makon farko, sai ta juya takardar, tana neman sauran.

"Shi ke nan?" ta tambayi mahaifiyarta.

"Shi ke nan."

"Ai ko safar hannu mai kyau ba zai saya ba!"

Gaskiya ta faɗa. Kamfanin jaridar yana biyan masu rabo abin da ba ya rufe tafin hannu. Sai a ƙarshen shekara ya buga musu katin gaisuwa mai tambarinsa. Mai rabo ya ɗauki katin da rana, ya bi gidajen da yake kai wa jarida, ya yi musu barka da sabuwar shekara. Su kuma su ba shi tukuici. Wato kamfani ya rage, a bar wa mai rabo ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya nemi ciko. Sau ɗaya ne a shekara. Da wannan tukuici Meneer Hiemstra yake gyara keke, ya sayi takalmin ruwa.

Ana gab da ƙarshen shekara, Gerben, mai kula da ɗakin da ake ɗaukar jaridu, ya miƙa wa yarinyar wani ɗauri.

"Ga katunan tsoho. Ki kai masa. Ki ce ina gaishe shi da hannu."

Ta sa ɗaurin a jakar keke. A hanyar gida ta tsaya a gaban shagon gwanjo. A cikin tagar akwai takalman gudu a kan ƙanƙara, farare, ƙarfensu yana sheƙi. Ta daɗe tana son su. Kowa yana cewa bana kogi zai daskare.

Ta kalli takalman. Ta kalli jakar.

"To wa ruwa yake duka yanzu?" ta ce a ranta. "Ni ce. Shi yana zaune kusa da murhu."

Ba ta kai masa katunan ba. Ta tura su ƙarƙashin katifa.

Washegari da rana ta ce wa mahaifiyarta za ta je gidan ƙawarta. Sai ta haye gada. Ta danna ƙararrawar gidan farko.

"Barka da sabuwar shekara! Mai kawo muku jarida ce."

"Ashe ke ce! Sannu da ƙoƙari, yarinya."

Aka sa mata kuɗi a hannu. Abin ya zo da sauƙi har ya ba ta mamaki. Gida na biyu ya fi sauƙi. A na uku har fanken sabuwar shekara aka ba ta, mai zafi, an barbaɗa masa sukari.

Mevrouw Algra ta daɗe kafin ta buɗe. Tsohuwa ce mai sanda. Ta kalli yarinyar ta saman tabarau.

"Ke ce kike maƙale min jarida don kada in sunkuya?"

Yarinyar ta kawar da ido. "E, ni ce."

"Duk shekarun nan? Ai kuwa kin fara tun kina goye."

"Na... na daɗe dai."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. Ta miƙa mata ambulan wanda ta riga ta shirya. A bayansa an rubuta: Ga mai hannu mai tausayi.

Gidan ƙarshe na wani mutum ne mai suna Meneer Dijkhuis. Ƙato ne mai babbar murya. Ya karɓi katin, ya ɗaga shi sama, ya duba tambarin.

"Yawwa, na gaskiya ne. 'Yan damfara sun yi yawa a wannan lokaci. Duk wanda ya zo min ba kati, zai gane kurensa."

Ya ba ta nasa tukuicin, ya rufe ƙofa.

A ranar ta sayi takalman. Ta ɓoye su a bayan kayan sanyi a cikin kabad. Sauran kuɗin ta cusa a safa.

Da yamma tana fitar da shara, sai ta ji muryar tsohon ta kan katanga.

"Gimbiyar barci! Gerben bai ba ki saƙona ba? Katuna."

Ta tsura wa kwandon shara ido. "Bai ba ni komai ba, Maƙwabci."

Ya girgiza kai. Sannan ya yi tsaki.

"Na san za a rina. Bara sun daina ba mu rigar ruwa. Bana kuma kati. Badi sai su ce mu sayi jaridar da kanmu kafin mu raba. To, ba komai. Ina da takarda, ina da biro."

A lungunmu ba a rufe labule. Mai wucewa yana ganin har agogon bangon falo. Don haka duk lokacin da yarinyar ta wuce, sai ta hango shi a teburinsa. Ya yanka kwali ƙanana. Yana rubutu da hannun hagu, ya ciza leɓe, biro yana zille masa. Haruffan sun karkace kamar na ɗan aji ɗaya. Yakan yaga ɗaya, ya sake wani.

Ta kawar da kai, ta ƙara sauri.

Aka shiga sabuwar shekara, aka yi wasan wuta, aka gama. Bayan kwana biyu suna cin dakakken dankali da kabeji, sai wayar mahaifiyarta ta yi ƙara. Ta duba. Fuskarta ta canza.

"Kai! Wane mara kunya ne ya yi wannan?"

"Mene ne?" in ji baban.

Ta juyo musu da wayar. Hoton Meneer Hiemstra ne. Na'urar ɗaukar hoto ta jikin ƙararrawar wani gida ce ta ɗauke shi. Ga shi da tsohuwar hularsa, hannu a rataye, yana miƙa ɗan kwalinsa yana murmushi. A ƙasa an rubuta: A KULA! Ɗan damfara yana yawo da katin jabu. Wai shi mai jarida ne. Har da karayar ƙarya. Ku rufe ƙofa!

Meneer Dijkhuis ne ya saka shi a zauren hirar waya na unguwarsu. Daga can aka yi ta turawa, har ya iso zauren lungunmu.

Mahaifiyar ta karanta abin da mutane suka rubuta.

"Ji wannan: Tsoho da shi bai ji kunya ba. Ji wannan kuma: A kira masa 'yan sanda. Wannan ma cewa ya yi: Dubi rubutun, ko jahilci ya san iyaka."

Baban ya bugi tebur. "Mutumin da ya karye a hanyar kai musu jarida! Suna cikin bargo yana cikin ruwa! Ko sau ɗaya wani ya leƙo ya ce masa sannu?"

Yarinyar tana juya cokali a cikin dankali. Ba ta ɗaga kai ba.

Mahaifiyar ta ci gaba da karantawa, sai ta tsaya cak. Ta sake karanta layin a hankali.

"Mai jaridarmu ta gaskiya ta riga ta zo da kati mai tambari. Yarinya ce, mai shuɗiyar hula."

Shuɗiyar hular tana rataye a jikin ƙofa. Dukansu uku suka kalle ta.

"Dube ni," in ji mahaifiyar.

Yarinyar ta kasa.

"Na ce ki dube ni. Ina katunan?"

"Na... na raba su."

"Wa Gerben ya ce ki ba?"

"Maƙwabci."

"Da ya tambaye ki fa?"

Sai ta fashe da kuka. Amma cikin kukan ta ɗaga murya. "Ai ni ma na yi aikin! Ni ma ruwa ya dake ni! Ba wanda ya ce na gode!"

"Kin yi makonni," in ji baban. "Shi ya yi shekara. Kuma an biya ki kuɗin makonninki, bai taɓa miki ko sisi ba."

"Bar zancen kuɗi," in ji mahaifiyar. "Mutumin nan ba shi da mota, ba shi da gida nasa. Sunansa kawai yake da shi. Shi kika ɗauka kika sayar. Me kika saya da shi?"

Yarinyar ta hau bene, ta sauko da takalman da safar kuɗin. Ta ajiye su a tebur. Yanzu ba su yi mata kyau ba ko kaɗan.

Da safe babanta ya raka ta shagon gwanjo. Ya tsaya a waje, ya ce ita za ta yi bayani. Mai shagon ya duba ƙarfen, ya ga bai taɓa ƙanƙara ba tun da ta saya. Ya mayar mata da kuɗin yana girgiza kai.

Daga nan ta nufi gidan tsohon ita kaɗai. Tana isa ta ja ta tsaya. Labulensa a rufe yake. Tun da take, ba ta taɓa ganin sa a rufe ba. Ko lokacin da matarsa ta rasu bai rufe ba.

Ta ƙwanƙwasa. Ya buɗe. Bai ce Gimbiyar barci ba. Ya matsa mata ta shiga.

Ta ajiye kuɗin da ambulan ɗin Mevrouw Algra a kan tebur, kusa da ragowar katunan kwali.

"Maƙwabci, ni ce. Gerben ya ba ni. Na yi maka ƙarya."

"Na sani."

Ta ɗago da sauri. "Ka sani?"

"Tun ƙofar farko. Suka ce yarinya ta riga ta zo. Yarinya nawa ce ta san hanyata?"

"To me ya sa ka ci gaba?"

"Ba don kuɗi ba. Na rubuta katunan da wuya, na ce bari in miƙa gaisuwar kawai. Sai na faɗa gidan wancan mai makogwaro."

"Da ya zage ka, me ya sa ba ka ce ni ce ba?"

Tsohon ya ɗaga kafaɗa ɗaya, wadda ba ta ciwo. "Sai ya cire hotona ya sa naki. Ke kuwa Litinin za ki koma makaranta."

Wannan magana ta fi faɗan iyayenta zafi. Ta tura masa kuɗin. "Ga shi, naka ne. Duka yana nan."

Ya tura mata su baya da yatsa ɗaya.

"Ba ni aka ba ba. Idan na karɓa a ɓoye, me ya canza? Jiya na je sayen burodi. Matar da nake saya a wurinta kullum ta ƙirga canjina sau biyu, tana kallon hannuna. Wannan kuɗin zai gyara haka?"

Yarinyar ta kalli kuɗin. Ta kalli katunan kwali. Sannan ta tattara su duka har da ambulan ɗin, ta sa a aljihu.

"Sa hularka, Maƙwabci."

"Ina za mu?"

"Ƙetaren gada. Gida gida."

"Za su ci mutuncinki."

"Nawa ne ai. Ba naka ba."

Suka tafi a ƙasa, tun da kekensa a lanƙwashe yake. Ana yayyafi. A ƙofar farko ta danna ƙararrawa. Matar gidan ta buɗe, ta ga tsohon, ta fara ja da ƙofa.

"Don Allah tsaya," in ji yarinyar. "Wannan shi ne Meneer Hiemstra. Shi ne mai kawo muku jarida tun kafin in iya karatu. Ni riƙo na yi masa. Katin da na kawo nasa ne, na sace. Ga kuɗinku. Ku ba wanda kuka yi niyya."

Matar ta rufe baki da hannu. Ta kalli tsohon, fuskarta ta yi ja. Ta karɓi kuɗin daga hannun yarinyar, ta sa a hannunsa na hagu, ta riƙe hannun.

"Ka yi haƙuri, Meneer. Ni ma na tura hoton nan."

"To sai ki tura gyaran," in ji yarinyar.

Ba kowace ƙofa ce ta yi daɗi ba. Wani mutum ya ce mata ɓarauniya a gaban 'ya'yansa. Wata ta karɓe kuɗinta ta rufe ƙofa, ba ta ba kowa ba. Ka ji fa! Shekara guda ana kawo mata jarida a bushe, amma ta sami dalilin da za ta noƙe. A wani gida kuma wata 'yar ajinsu ce ta buɗe. Yarinyar ta so ƙasa ta tsage ta shige. Duk da haka ta faɗi maganarta har ƙarshe.

A gidan mai jar ƙofa wani matashi ya fito da jariri a kafaɗa.

"Kai ne ba ka buga murfi? Ni na zata aljani ne yake kawo jaridar. Tun watan jiya kuwa kullum sai ƙarar ta tashi yaron nan."

Tsohon ya kalli yarinyar ta gefen ido. Ta sunkuyar da kai.

Mevrouw Algra ba ta bari ta gama bayani ba.

"Na sani, yarinya. Tun farkon Disamba nake kwaso jarida daga ƙasa da maɗaukin gawayi. Na ce bari in ga inda ƙaryar za ta kai ki." Ta karɓi ambulan ɗin, ta miƙa wa tsohon. "Ga naka. Ashe haka kake. Na zata dogo ne."

"Da dogo ne ni," in ji shi. "Jakar jarida ce ta danne ni."

Ta yi dariya har ta dafa sanda da hannu biyu. Ta ce sai an ba ta katin kwali, shi take so. Ta maƙala shi a jikin madubi.

Saura gidan Meneer Dijkhuis. Tun kafin su taɓa ƙararrawa ya fito.

"Kai ne kuma? Ban ce kada in sake ganin ka ba?"

Yarinyar ta shiga tsakaninsu. Ta faɗi maganarta kamar yadda ta faɗa a sauran gidaje. Ya saurara yana hura hanci.

"To ai laifinki ne, ba nawa ba. Ni unguwa na kare. Ya zo ba kati, me zan yi?"

"Laifina ne, na yarda," ta ce. Sannan ta ɗaga murya. "Ni na yi ƙarya. Amma kai ka tambaye shi sunansa? Ka kira kamfanin? Ka yarda da tambari, ka ƙi yarda da mutum! Ka ce karayarsa ta ƙarya ce. A kan gada ya karye, jaridarka tana cikin jakarsa!"

Meneer Dijkhuis ya buɗe baki zai yi magana. Daga cikin gida matarsa ta ɗaga murya.

"Ai na gaya maka kada ka saka! Kai kullum kamar ɗan sandan da ba a ɗauka aiki ba!"

Kunnuwansa suka yi ja. Ya laluba aljihu, ya zaro kuɗi masu yawa, ya miƙa wa tsohon.

Meneer Hiemstra bai miƙa hannu ba.

"Mayar da su. Ba na sayar da zagi. Cire hoton. Ka rubuta gaskiya a inda ka rubuta ƙarya."

Mutumin ya fito da waya. Ya goge hoton a gabansu. Ya fara rubutu, sai ya tsaya.

"Yaya... yaya ake rubuta sunanka?"

Tsohon ya zaro katin kwali na ƙarshe daga hannun yarinyar, ya ba shi. "Yana nan a ƙasa. Ka yi haƙuri da rubutun."

Meneer Dijkhuis ya kwafe sunan harafi bayan harafi. Ya rubuta cewa ya yi kuskure, ya nemi gafara. Bai sa sunan yarinyar ba, don tsohon ya hana.

A hanyar dawowa suka tsaya a kan gadar. Tsohon ya ware wani ɗan kaso daga tukuicin, ya tura mata a aljihu.

"A'a, Maƙwabci! Ban cancanta ba."

"Na Disamba ne. Ke ruwa ya daka a Disamba. Da kin tambaya, da tuni na ba ki. Karɓi, kada in ƙara karya ɗaya hannun wajen jayayya."

Ta karɓa. Kuɗin ba zai sayi ko takalmi ƙafa ɗaya ba. Amma bai yi mata nauyi a aljihu ba.

Da suka iso lungu ya shiga gida, ya ja labulensa ya buɗe.

Ta ci gaba da riƙe masa aikin har hannun ya warke. Ta koyi riƙe murfi, ta koyi maƙala jarida. Kekensa ya sami sabuwar taya. Yanzu idan ya bi ta sabuwar unguwa, wani lokaci yakan ga an kunna masa fitilar ƙofa. Mevrouw Algra takan bar masa biskit a leda.

Kogin kuwa bai daskare ba a shekarar. Ruwan sama aka yi ta yi har Maris.

"Kin gani, Gimbiyar barci?" in ji tsohon ta kan katanga. "Da yanzu kina gudu da takalman nan naki a kan tabarma."

Darasin a fili yake. Tukuici na wanda ya yi wahalar ne, kuma wanda ya karɓe shi da ƙarya ba kuɗi kaɗai ya ɗauka ba. Yakan tafi da mutuncin wani. Mu kuma masu bayarwa, abin kunya ne mu san tambarin kamfani amma ba mu san mutumin da yake yi mana hidima ba.

Don haka ga roƙona gare ka. Akwai wani da yake kawo muku wani abu, ko yake kwashe muku wani abu, kana barci ko kana makaranta. A wannan makon ka tare shi. Ka gaishe shi, ka tambayi sunansa, ka riƙe sunan. Idan an aike ka da tukuicinsa, ka sa shi a hannunsa duka, kana kallon fuskarsa.